Batir na Huɗu

Ni dai ban taɓa ɓoye wa kowa ba, jinina bai haɗu da na Ernest ba. Ba zagina ya yi ba, ba kuma amanata ya ci ba. Da ma ya yi, da na samu abin faɗa. Mutum ne kawai da duk abin da ya sa wa hannu sai ya yi kyau, ni kuwa ina gefe ina kallo raina yana ƙuna.

Sharfaddeen sunana, a Tudun Wada nake zaune da matata Batul da ƴaƴanmu. Ni ne direban farko na gidan burodin Hajiya Fiddausi da ke Hammadu Kafi. Tun tana da tanda ɗaya nake loda mata burodi a keke mai shan fetur, in bi masu shayi da masu kanti ina rabawa. Duk mai shayin da ke tsakanin Tudun Wada da Pantami ya san muryata. Da fetur ya yi tashin gwauron zabo sai Hajiya ta sayar da keken, ta sayo ƴan ƙurƙura biyu masu aiki da batir, ta sa aka kafa sola a kan rufi. Mu fita da sassafe, mu dawo kafin azahar, a jona su su sha caji har yamma. Kowace tana da batura shida a jere, cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujerar direba. Ɗaya ta zama tawa. Ɗayar kuma aka ɗauko mata Ernest, wani matashi ɗan Billiri da ya taɓa aiki a shagon Madam Joan mai haɗa sola, aka ba shi layin Arawa.

Bai daɗe da zuwa ba sai ga shi a bakin kowa. Ernest kaza, Ernest kaza. Hajiya ta ce Ernest ba ya dawowa da kwantai. Masu kwaɓa fulawa su ce Ernest ya sayo musu ƙosai. Hatta Batul, matata ta sunna, ranar da na kwanta zazzaɓi ya zo duba ni, yana fita ta ce, "Abban Suhaib, abokin aikin nan naka akwai ladabi." Na ce mata ladabi ake ci? Ta yi dariya ta shige ɗaki. "Yaya Sharfa" yake ce mini, har da ɗan rusunawa, ni kuma duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar tsokanata yake yi.

Bayan Ƙaramar Sallah Hajiya ta kira mu, ta zaunar da mu a kan benci a ƙofar ofishinta.

"Kun ga dai yadda fulawa ta koma," in ji ta. "Ba zan iya riƙe tanda biyu ba. In Allah ya kai mu bayan Babbar Sallah zan rufe ɗaya. Tanda ɗaya, ƙurƙura ɗaya, direba ɗaya. Ba na son wani ya ce na yi masa ba-zata, shi ya sa nake faɗa tun yanzu."

Na ce, "Hajiya, ai kin san wanda aka fara da shi."

Ta ce, "Na sani, Malam Sharfa. Amma mai shayi ba ruwansa da wanda aka fara da shi. Wanda kayansa ke isa hannun mutane da ɗuminsa, shi zan riƙe."

Ernest ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na tashi gumi yana keto mini. Ga iyali, ga makarantar yara, kuma a shekaruna ƙofar wa zan je in ƙwanƙwasa neman aiki?

Tunani ya kai ni ga lasifika. Masu tallar magani suna yi, me zai hana mai burodi? Na je wurin wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, na sayi lasifika mai ƙarfi, aka ɗauki muryata ina cewa, "Burodin Hajiya Fiddausi, da ɗuminsa, ya fi katifa laushi!" Na ƙara da ƴar fanka, da fitilu kore da ja masu walƙiya a jikin rumfa, da wurin cajin waya, don mai shayi ya jona tasa kafin in gama sauke masa kaya. Mai rediyon ya buɗe akwatin ya duba, ya ce kayan nan duk wutar batir ɗaya suke so, in aka ba su ta shidan gaba ɗaya ƙonewa za su yi. Sai ya zaɓi wanda ya fi kusa da hannunsa, na huɗu a jerin, ya ɗaura masa wayoyi biyu ya naɗe da salatif. Ni ban ga laifin haka ba. Shekara da shekaru a keken fetur haka muke yi, ka jona duk abin da ka ga dama a jikin batir, inji ya mayar masa da abin da ya sha.

Washegari na shigo harabar gidan burodi tana ihu tana walƙiya, masu kwaɓi suka fito suna tafi da fulawa a hannu. Ernest ya zo ya leƙa ƙarƙashin kujera, sai na ga fuskarsa ta canja.

"Yaya Sharfa, wayar nan fa a kan batir ɗaya aka ɗaura ta."

"To a kanka za a ɗaura?"

"Ba haka nake nufi ba, Yaya. Shi kaɗai zai riƙa shan wahala, sauran biyar ɗin su bar shi a baya. Akwai ɗan akwatin da ake sawa, ya ɗebo wuta daga dukkansu ya rage ta. Madam Joan tana da shi."

Ka ji mini mutum! Sau ɗaya na yi abin da ya fi nasa, shi ne zai zo mini da dogon Turanci. Na ce a raina, ashe kai ma kana jin abin da nake ji, to ɗanɗana. A fili kuma na ce, "Ernest, hassada ga mai rabo taki ce. Je ka kula da taka." Ya buɗe baki zai ƙara magana, na murɗa lasifikar har ƙarshe.

Kuma wallahi abin ya yi aiki. Yara suka riƙa bina a layi suna maimaita tallar, matan aure suna aikowa daga cikin gidaje, masu shayi suna rige-rigen jona waya. Na daina dawowa da kwantai. Har Hajiya ta ce, "Malam Sharfa, ashe kana da dabara haka?" Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Ranar Lahadi ba ma fita. Wata Lahadi da la'asar na tuna na bar hulata a cikin ƙurƙura, sai na biya in ɗauka. Ina tura ƙofar harabar, wa zan gani? Ernest, da farar rigarsa ta coci a goge, ya durƙusa a gaban ƙurƙurata. Akwatin batir a buɗe. Ya kwance wayoyin batir ɗaya ya maƙala masa wata ƴar ƙaramar caja, ga sifana a hannunsa. Tasa ƙurƙurar tana gefe, ita ma akwatinta a buɗe.

Jinina ya hau nan take. Akwati biyu a buɗe, sifana a hannu, maigadi ya tafi masallaci. Ko makaho aka ba labari ya san me ake ciki. Musanya yake yi, ya kwashe nawa masu kyau ya zuba mini nasa da suka gaji.

"Kai! Me kake yi a cikin kayana?"

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Yaya, daidaita su nake yi. Na huɗun nan ya yi ƙasa, shi ne nake ba shi caji shi kaɗai ya kamo ƴan'uwansa. Duk Lahadi in na gama duba tawa sai in..."

"Duk Lahadi? Au, ashe ka daɗe kana yi!"

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na fizge ƴar cajar na cilla masa, na mayar da wayoyin. Na ce in na ƙara ganin yatsansa a jikin ƙurƙurata sai dai Hajiya ta zaɓa a ranar. Ya tattara kayansa ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," ya fita. Haƙurin ma haushi ya ƙara mini. Kafin magariba na kawo mai walda ya yi wa akwatin kunne, na sayo ƙaton kwaɗo na garƙame, na haɗa makullin da na ƙofar gidana.

Da na ba Batul labari, ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "To in gyara maka yake yi fa?"

Na ce, "Mutumin da muke neman kujera ɗaya da shi? Ke dai kin cika yarda da mutane."

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da zuba miya.

Da farko lafiya lau. Sai a hankali abu ya fara. A da in na gama layina na dawo, allurar caji tana wajen rabi. Sai ta koma dawowa a ja. Da yamma caja ta nuna kore, alamar ta cika taf, amma da safe ban yi wani nisa ba sai in ji jikinta ya yi sanyi, musamman a hawa. Na zargi cajar, na faki ido na ɗauki ta Ernest na jona, ba abin da ya canja. Na zargi birki yana kamawa, bakanike ya ɗaga ƙafafun ya juya, suna juyawa sumul. Na ƙara wa tayoyi iska. Na wanke kawunan baturan da ruwan zafi, na ɗaure kowane noti tam. Wata rana bayan caji na ɗora hannu a kansu, na ji biyar da zafi kamar yanzu aka sauke su daga tanda, na huɗun kuwa ko ɗumi babu. Na ce yauwa, biri ya yi kama da mutum. Wannan mai sanyin shi ne kaɗai nawa na asali, biyar ɗin nan masu zazzaɓi su ne Ernest ya zuba mini.

Ban kai ƙara wurin Hajiya ba. In na kai, ai na faɗa mata da bakina ke nan cewa tawa ta fara gazawa, ga Sallah tana matsowa. Sai na riƙa rage layi a ɓoye, ina kauce wa duk unguwar da ke da tudu.

Ta Ernest kuwa? Hmm. Ta fita ta zagaye Arawa ta dawo, har a aike shi kasuwa ɗauko buhunan fulawa da ragowar cajin. Duk lokacin da ya wuce ni a hanya ya ɗaga mini hannu, sai in ce a raina tafi dai, baturana ne ke ɗauke da kai. Ina kwana da shi ina tashi da shi. Ko abinci nake ci na tuna murmushinsa sai ɗanɗanon ya gudu.

Ana saura ƴan kwanaki Babbar Sallah, gari ya cika da baƙi da masu raguna, masu shayi duk sun ninka oda. Na yi lodi har rumfa. Ranar ba yadda zan kauce wa hawan nan da ke bayan gadar kwari, don manyan masu sayen kayana suna can sama. Na shiga hawan da bismilla. Muna tsakiya ta tsaya cak. Na kashe na kunna, na murɗa, ta ɗan matsa ta sake mutuwa, har ta fara komawa da baya sai da na danne birki na sa wa tayar dutse. Abin takaici, lasifikar ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Muryata tana fita a shaƙe, tana yankewa tana dawowa, "da ɗumin... da ɗumin...", masu acaɓa suna wucewa suna dariya.

Rana ta ɗaga. Burodi ya fara gumi a cikin leda. Wayata ba ta huta ba, wannan ya ce ruwan shayinsa ya tafasa tun ɗazu, wancan ya ce shi fa ya karɓi na wani gidan. Da na ga ba sarki sai Allah, na kira Hajiya. Wa kuke tsammani ta turo?

Ya zo ya riga ya gama layinsa. Ya yi mini sannu. Ya kwashe burodin ya mayar cikin tasa, ya haye tudun nan da cikakken lodi kamar ana tura shi, ya raba wa masu saye na, ya dawo ya ɗaura wa tawa igiya. Haka ya ja ni, ta cikin Tudun Wada, ta gaban majalisarmu, abokaina suna zaune suna kallo. Wani har ya ɗaga murya, "Sharfa, yau ina tallar?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Muna shiga harabar ban jira an kwance igiyar ba. Hajiya tana tsaye a ƙofar ofis, masu kwaɓi sun fito.

Na ce, "Hajiya, a tambayi Ernest inda ya kai baturana. Da idona na kama shi ran Lahadi yana musanyawa."

Ernest ya dube ni, idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

Hajiya ta ce, "Wannan babbar magana ce, Malam Sharfa. Ba ni zan yanke ta ba. A jona ta a caji, a kira mini Joan."

Madam Joan ita ta haɗa mana solar da ƙurƙurun tun farko. Ƴar Kaltungo ce, gajeriya mai tabarau, shagonta yana Arawa, kuma ba ta da wasa a kan aiki. Ta iso bayan la'asar a kan babur da jakar kayan aikinta. Tun kafin ta sauka na ce wa Hajiya ai wannan uwar ɗakin Ernest ce, bakinsu ɗaya. Ashe ta ji.

"Malam, buɗe kwaɗon," in ji ta. "Komai da hannunka za ka yi, kada gobe ka ce na yi maka coge."

Na buɗe. Ta sunkuya ta shinshina, ta ɓata fuska. Sai ta sa ni na karkata kowane batir na duba gefensa. A jikin kowanne akwai ɗigon jan fenti.

"Ranar da na haɗa su na ɗiga wa na wannan ja, na ɗiga wa na waccan shuɗi, don kada su cakuɗe. Je ka duba nasa."

Na je na duba. Shida, duk shuɗi. Na dawo wurin tawa.

Ta miƙo mini mita, ta nuna mini inda zan ɗora jan tsinke da baƙi. Na ɗaya ya nuna sha uku da ɗoriya. Na biyu haka, na uku haka. Da na zo kan na huɗu, wanda nake ce wa nawa na asali, sai ga sha ɗaya. Ta ɗauko wani ƙarfe mai wayoyi, ta ce wannan yana jan wuta kamar yadda ƙurƙura ke ja a hawa. Ta maƙala wa na ɗaya, lambar ta ɗan sauka ta tsaya. Ta maƙala wa na huɗu, ina riƙe da mita ina gani lambar ta zube ƙasa kamar an kwance bakin buhu.

Ta kama wayoyin mai rediyo da yatsa biyu ta ɗaga. "Wannan fa?"

Na ce na lasifika ne.

"To ga ɓarawonka." Ta gyara tabarau. "Su shidan nan a jere suke, wuta ɗaya ke ratsa su. Kamar mutum shida ne suka ɗauki gungume ɗaya, in ɗaya ya durƙushe tafiya ta ƙare. Ita caja ba ta ganin kowa daban, jimlarsu take gani, kuma daidai wa daida take zuba musu. Kai kullum kana ɗibar na huɗu shi kaɗai. Biyar su cika har su fara tafasa, caja ta ga jimla ta kai ta nuna kore, shi kuwa ko kusa bai yi ba. Gobe ka ƙara ɗiba. Keken fetur inji ne ke mayar wa batir abin da ya sha, nan wa zai mayar masa?"

Sai ta juya kan Ernest, muryarta ta tashi. "Kai kuma kana gani ka zuba ido? Abin da na koya maka ke nan? Da ana ba shi caji shi kaɗai duk mako ai da bai kai haka ba!"

Ernest ya sunkuyar da kai. "Ina yi, Madam. Duk Lahadi ina yi, har..." Bai ƙarasa ba. Ya dai kalli kwaɗon da ke rataye a kunnen akwatin.

Kowa ya kalli kwaɗon. Hajiya ta kalla, masu kwaɓi suka kalla, har maigadi ya matso ya kalla. Ni kuwa makullin yana tafin hannuna, na rasa inda zan sa shi.

Na yi ƙarfin hali na ce to a canja na huɗun mana, ai guda ɗaya ne. Madam Joan ta girgiza kai. Ta ce sabo a cikin tsofaffi wani rashin daidaiton ne, ko ya kashe su ko su kashe shi. Ta nuna mini na uku da na biyar, cikinsu ya kumbura, ruwansu ya ƙafe saboda tafasar da suka riƙa yi. Ta ce za ta tafi da su shago ta ba kowanne caji shi kaɗai a hankali, ta ga ko za su dawo kai ɗaya, amma kada a sa rai.

Hajiya ta ce, "Malam Sharfa, ka kira mutum ɓarawo a gaban jama'a. A gaban jama'a za ka ba shi haƙuri."

Na ce, "Yi haƙuri," kamar ana cire mini haƙori.

Ya ce, "Ba komai, Yaya. Ni ma da na yi maka bayani sosai tun farko."

Ku ji fa! Har laifin ma sai ya ɗauki rabi.

Ana gobe Sallah saƙon Madam Joan ya zo. Na huɗu ya mutu murus, masu kumburin nan biyu ba su riƙe caji, uku ne kawai suka tashi. In ana son ƙurƙurar ta sake hawa titi sai an sayo shida sababbi. Hajiya da ke neman rufe tanda ina za ta iya? Aka tura tawa gindin bishiyar darbejiya da akwatinta fanko, fitilun kore da ja suna rataye. Naman Sallar bana ban san ɗanɗanonsa ba.

Bayan Sallah ta kira ni ni kaɗai.

"Ka riga ka san abin da zan faɗa," in ji ta. "Ernest zan riƙe."

Na ce na sani.

"Amma layi biyu sun koma ɗaya, mutum ɗaya ba zai iya tuƙi da sauke kaya ba. Ana bukatar mai ɗaukar tire. Albashin bai kai na direba ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni wani na yi niyyar ɗauka, don bayan abin da ya faru ban ga yadda za ku zauna kujera ɗaya ba. Ernest ne ya zo har gida ya roƙe ni, ya ce kana da iyali, kuma ba wanda ya san masu shayin Pantami kamarka."

Na fito ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Wallahi da dariya ya yi mini, da ya ɗaga kafaɗa ya taka ni ya wuce, da na fi samun sauƙi, don da na samu wanda zan tsana da hujja. To ya karɓe kujerar, ya kuma karɓe kirkin. Ni har kirkin nasa nake kishi, kuma ban san inda ake kai ƙarar wannan ba.

Na zaga gari neman keken da zan tuƙa. Duk inda na je, ko a ce an riga an bayar, ko a ce in dawo. A gida Batul ba ta ce mini ci kanka ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba. Na dai ga tuwon yana raguwa a kwano, na ga ta fara cewa ita ta ƙoshi. Ranar da aka koro Suhaib saboda kuɗin makaranta, na haƙura da aikin tiren, na wanke rigata na shanya.

Da sassafe na isa Hammadu Kafi. Ernest ya riga ya fito da ƙurƙurar. Yana ganina ya miƙe tsaye, "Yaya, ina kwana," ya matsa ya ba ni gefen kujera. Muka loda, muka kama hanya. Ƙurƙurar tafiya take yi shiru, ko a hawa ba ta canja ba.

Tsayawarmu ta farko a Arawa ce, teburin wani dattijon Bafulatani, Malam Inuwa mai shayi, wanda bai taɓa ganina ba. Yana hango mu ya washe baki, ya yi maraba da Fillanci.

"Jaɓɓama, Ernest! A'a, lallai kasuwa ta buɗe. Yau har yaro ka samu?"

Ernest ya daburce. "A'a, Baba, wannan ai..."

Na riga shi. Na ce, "Eh, yaronsa ne. Guda nawa za a sauke?"

Dattijon ya faɗa. Na zagaya baya, na jawo tiren na ɗora a kaina.